Yadda Ake Fara Bincike a Fannin Kayan Dashe da Gina Sassan Jiki: Daga Ƙashin Saniya zuwa Gurbin Digiri na Uku

Kusan duk shekara ɗalibai kan zo ofishina da tambaya guda, wato ta ina mutum zai shiga fannin kayan da ake dasawa a jikin ɗan Adam, alhali ba mu da irin ɗakunan gwaje-gwajen da suke gani a intanet. Amsar da nake ba su ba ta sauyawa: a fara da ƙaramin aiki guda ɗaya, a yi shi da tsafta tun daga farko har ƙarshe, a rubuta shi, sannan a riƙe shi a hannu a je neman gurbin karatu. Farfesan da zai ɗauke ka a digiri na uku bai damu da yawan burinka ba, abin da yake son gani shi ne ko ka taɓa ɗaukar tambaya ka bi ta har ta ba da amsar da wani zai iya maimaitawa.

Fannin ya haɗa ilimin kayan ƙira da ilimin halittu da likitanci. Tun a 1949 Harold Ridley ya dasa madubin roba a idon mutum a Landan, a 1965 Brånemark ya kafa wa majiyyacinsa na farko haƙoran da aka ɗora kan ƙarfen taitaniyom a Suwidin, a 1969 kuma Larry Hench ya haɗa gilashin da ke mannewa da ƙashi a Jami'ar Florida. Maƙalar da Robert Langer da Joseph Vacanti suka buga a mujallar Science a 1993 ita ce ta yaɗa tunanin cewa za a iya ƙera wani firam mai ramuka, a zuba masa ƙwayoyin halitta, su zauna su hayayyafa har su gina sabon nama ko ƙashi. Turawa na kiran wannan firam sikafol, ni kuwa sheƙa nake ce masa a aji, domin aikinsa ke nan.

Aikin da zan bayyana shi ne ciro ma'adinin ƙashi, wato haidroksi'afatait, daga ƙashin saniya, a mayar da shi sheƙa, a auna ta. Na zaɓe shi ne saboda ɗanyen kayansa na nan jibge a kowace kwata, kuma buƙatarsa ta gaske ce. Likitan ƙashi a asibiti irin na Dala da ke Kano, idan ya tarar da giɓin da ba zai cike da kansa ba, sau da yawa sai ya yanko ƙashi daga ƙugun majiyyacin ya cike da shi, wanda hakan ƙarin rauni ne da ƙarin ciwo. Akwai kayan cike giɓi na kasuwa da aka yi da ƙashin shanu, kamar Bio-Oss na wani kamfanin Suwizalan, don haka ba tatsuniya muke bi ba.

Kayan da za a tanada

Na farko littafin ɗakin gwaji mai ɗaurarren bango, wanda ba a yage shafinsa, da biro. Na sa shi a gaba da gangan. Sai ƙashin cinyar saniya guda uku ko huɗu, zarton ƙarfe, wuƙa, buroshi, babbar tukunyar silba ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, da risho ko murhun gas. Ana buƙatar tataccen ruwa na ɗakin gwaji mai yawa, da asiton ko barasar gwaji domin cire maiƙo, da na'urar busarwa da ke kai digiri 105, da tanderun lantarki da ke kai digiri 1200 na ma'aunin Salshiyas, da kaskon alumina mai jure zafi. Sai turmi da taɓarya na ɗakin gwaji, rariyoyi masu lamba, sikelin da ke auna har kashi ɗaya cikin dubu na giram, ma'aunin kauri na baniya, ma'aunin pH, da maƙerar ƙarfe mai rami tare da injin matsa. Don kare kai a nemi safar hannu ta roba da ta zafi, tabarau, da takunkumi mai tace ƙura, domin garin ƙashi yana da laushi ƙwarai kuma yana tashi.

Manyan na'urori uku ba za ka mallake su ba, haya za ka yi: XRD da ke nuna tsarin ma'adini, FTIR da ke nuna rukunin sinadarai, da SEM da ke ɗaukar hoton fuskar abu a girman da ido ba ya gani. Kafin ka sayi ko ƙashi ɗaya, ka kira wuraren da ke da su ka tabbatar suna aiki a wannan watan, ka ji farashin kowane samfuri da tsawon layi. Na taɓa ganin ɗalibin da ya ƙona samfura goma sha biyu, ya ɗauke su ya yi tafiyar yini guda, ya tarar na'urar ta yi wata huɗu a kwance. A kwamfuta kuwa ka sauke Zotero don ajiye maƙalu da ImageJ don auna hotuna, dukansu kyauta ne, ka kuma buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, da sunan da za ka ci gaba da amfani da shi har ka yi ritaya.

Mataki na 1: Tsayar da tambaya

An riga an ciro wannan ma'adini daga ƙashin saniya sau ba adadi, saboda haka «na ciro shi» ba sakamako ba ne. Dole ka sauya abu guda ka riƙe sauran yadda suke. Za ka iya kwatanta zafin ƙonawa uku, ko ka kwatanta ƙashin saniya da na raƙumi, wanda ake samu a kwatar Kano, ko ka duba yadda yawan sinadarin huda ramuka ke rage ƙarfin sheƙa. Ka karanta maƙalu ashirin zuwa talatin daga mujallu irin su Biomaterials da Acta Biomaterialia da Ceramics International, ka zana jadawali mai nuna irin ƙashin da kowa ya yi amfani da shi, da zafin da ya ƙona, da tsawon lokaci, da abin da ya samu. Inda jadawalin ya bar gurbi, ko inda masu bincike biyu suka saɓa wa juna, nan tambayarka take. Idan maƙala na bayan shingen kuɗi, ka tambayi ɗakin karatu na jami'arka ko suna da rajistar Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun kimiyya, ko ka aika wa marubucin saƙo, galibinsu suna turowa.

Babban kuskure a nan shi ne kwaɗayi. Ɗalibi zai ce zai sauya zafi da lokaci da nau'in dabba duka a aikin wata shida, a ƙarshe ya tashi da tarin lambobin da ba wanda zai iya cewa me ya jawo me.

Mataki na 2: Samo ƙashi da tsabtace shi

Ka je kwata da sassafe, ka gaida sarkin fawa ka yi masa bayani, domin da izininsa mahauta za su ware maka abin da kake so maimakon su tara maka na shara. Ka nemi ƙashin cinya na dabbar da aka yanka a ranar, wadda jami'in duba nama ya amince da lafiyarta. Ka rubuta wurin, ranar, jinsin dabbar da ƙiyasin shekarunta, domin ƙashin maraƙi da na tsohuwar saniya ba ɗaya ba ne, kuma masu tace maƙala sukan tambaya.

A yanke kawunan biyu masu guringuntsi a ajiye gefe, a ɗauki tsakiyar mai tauri, a yayyanka ta gunduwa-gunduwa kamar santimita biyu zuwa uku. A zazzage ɓargo, a kankare nama da jijiya. Sannan a dafa a tataccen ruwa na awa biyu zuwa uku, a zubar da ruwan, a goge da buroshi, a sake sabon ruwa, a yi ta maimaitawa har maiƙo ya daina tasowa sama. Daga nan a jiƙa a asiton na kwana guda a rufaffiyar kwalba, nesa da kowace irin wuta, domin asiton na kamawa nan take. A ɗauraye, a busar a digiri 105 har nauyin ya daina sauka tsakanin awo biyu, a rubuta wannan nauyi.

Kada a zuba gishiri ko kanwa ko omo a ruwan dahuwa da nufin saurin cire kitse, domin sodiyom ɗinsu zai bayyana a sakamakon awo ka rasa daga ina ya fito. Idan babu asiton, ƙarin dahuwa sau biyu ko uku zai wadatar, sai dai hayaƙin ƙonawa zai fi yawa. Idan babu na'urar busarwa, a shanya a rana cikin tire da aka rufe da ragar sauro na kwana uku zuwa huɗu, amma a faɗi hakan ƙarara a rubutu.

Mataki na 3: Ƙonawa

Ƙashi haɗin abu biyu ne, ma'adini wanda ya kai wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa, da furotin da ruwa da kitse. Ƙonawa na kawar da na biyun ya bar na farkon. A jera gutsattsarin a kasko ba tare da an cusa su ba, domin iska ta ratsa. A ɗaga zafi a hankali, digiri 5 a kowane minti, zuwa 900, a riƙe a nan awa biyu, a kashe tanderu a bar shi ya huce da kansa har washegari. Wanda ya buɗe ƙofa da zafi don ɗokin gani zai fasa kasko, wani lokacin har da rufin cikin tanderun.

Launi shi ne mai ba ka labari na farko. A wajen digiri 400 ƙashi yakan yi baƙi ƙirin saboda gawayin furotin, a 600 ya koma ruwan toka, daga 800 zuwa 900 ya zama fari fat. Ka fasa gutsure mafi kauri ka duba cikinsa, domin waje kan yi fari ciki yana da sauran baƙi, in haka ta faru a mayar a ƙara awa guda. Ka auna nauyi. Raguwar kusan kashi ɗaya cikin uku ita ce abin da ake sa rai, idan ta yi ƙasa da haka sosai to ƙonawar ba ta kammala ba.

Tsakanin digiri 300 da 500 hayaƙi mai wari zai tashi, warin da ke kama labule da tufafi na kwanaki. Ni kaina na taɓa sa an kwashe ɗalibai daga wani ɗakin gwaji da ke maƙwabtaka da namu, kuma na sha faɗan da ya dace da ni. A yi wannan aiki inda akwai bututun fitar da hayaƙi, ko a fara babbaka ƙashin a fili da wutar gas har ya daina hayaƙi kafin a kai shi tanderu. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar ƙonawa, kada ka ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ka rubuta zafin da aka kai da mintin da ta ɗauke, ka ware wannan rukuni a matsayin na gwaji, ka ƙona wani sabo ranar da aka tabbatar da man janareta. Kada kuma a wuce digiri 1200 da yawa, domin ma'adinin kan fara rikiɗewa zuwa wani nau'in kalsiyom fosfet mai saurin narkewa.

Bayan ya huce a daka shi, a tankaɗe da rariya mai lamba guda, misali maikuron 75 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a zuba a kwalba mai murfi, a manna takarda mai ɗauke da kwanan wata da zafi da lambar shafin littafi. Wanda bai samu ƙashi mai kyau ba zai iya bi ta ɓawon ƙwai: a ƙona shi a 900 ya zama farar ƙasa mai rai, a jiƙa ta da ruwa, a ɗiga mata asid ɗin fosforik a hankali ana juyawa, ana riƙe pH a sama da 10, da lissafin da zai ba da kalsiyom goma ga kowane fosfaras shida.

Mataki na 4: Tabbatar da abin da aka samu

Farin gari ba hujja ba ne, alli ma fari ne. Gwajin farko ba ya cin ko kwabo: a zuba giram ɗaya a tataccen ruwa, a juya, a auna pH bayan awa guda. Idan ya haura 11, akwai alamar ragowar farar ƙasa mai rai, wadda ke kashe ƙwayoyin halitta, sai a wanke garin sau da yawa a sake busarwa.

A XRD, da fitilar tagulla da aka saba amfani da ita, babban tsauni na haidroksi'afatait a zanen sakamakon yana fitowa a kusa da kusurwar digiri 31.8, da wani a 25.9, kuma ana kwatanta zanen da katin ma'auni mai lamba 09-0432. Ƙaramin tsauni a wajen 37.3 na nuna farar ƙasa, na wajen 31.0 kuma na nuna rikiɗewar da na ambata. A FTIR, bisa ma'auninsa na cm⁻¹, a nemi alamun fosfet a tsakanin 560 da 605 da kuma 1030 zuwa 1090, da siririyar alamar haidroksil a wajen 3570, da ta kabonet a 1415 zuwa 1455. Alamun furotin a wajen 1650 da 1550 ya kamata su ɓace, in suna nan a koma tanderu. A tsantsar ma'adinin, rabon kalsiyom da fosfaras 1.67 ne, amma na ƙashin dabba kan ɗan kauce saboda yana ɗauke da magniziyom da sodiyom da kabonet. Wannan ba aibi ba ne, hasali ma shi ya sa ya fi kama da ƙashin mutum.

Abu ɗaya nake nanata wa kowa: ka karɓi ɗanyen fayil na lambobi daga mai na'ura, ba hoton zane kawai ba, ka kuma rubuta sunan na'urar da samfurinta da saitin da aka yi. Da yawa sukan dawo da takarda guda da aka buga, ranar da mujalla ta ce a sake zana jadawalin sai ido ya raina fata. Ka sa wa samfura lambobi maimakon sunaye, ka kuma ajiye rabin kowane samfuri a wurinka, domin kaya na ɓata a hanya.

Mataki na 5: Ƙera sheƙa

Ƙwayoyin ƙashi da jijiyoyin jini na buƙatar hanyar shiga. Ramukan da ba su kai maikuron 100 ba sun yi ƙanƙanta, an fi son 300 zuwa sama, kuma su kasance a haɗe da juna kamar gidan tururuwa. Matsalar ita ce duk ramin da ka ƙara ƙarfi ne ka rage, kuma da yawa daga cikin maƙalun wannan fanni kokawa ce da wannan ciniki.

Hanya mafi sauƙi ita ce a gauraya garin da abin da zai ƙone ya bar rami, a ɗiga ɗan ruwan PVA, wani sinadari mai danƙo kamar gam, ya riƙe shi, a matse a maƙera ya zama dunƙule mai tsayin da ya kai faɗinsa sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Ɗalibai na son sitacin rogo saboda arha, amma ƙwayoyinsa ba su kai maikuron 50 ba, don haka ramukansa ƙanana ne. Wanda ke son manyan ramuka ya yi amfani da amoniyom baikabonet da aka tankaɗe zuwa girman da ake so, ko ya bi hanyar soso: a dama garin ya yi kaurin kunu, a tsoma guntun soson katifa, a matse rarar, a busar, a ƙona, soson ya tafi ya bar siffarsa. Ko wace hanya aka bi, a hau zuwa digiri 600 da tafiyar hawainiya, digiri 1 zuwa 2 a minti, a tsaya awa guda, sannan a wuce 1100 ko 1200 a riƙe awa biyu. Gaggawa a zangon farko ita ke sa a buɗe tanderu a tarar da gari maimakon dunƙule.

A auna faɗi da tsayi da nauyi kafin ƙonawa da bayanta. Ana lissafa yawan ramuka ta hanyar kwatanta nauyin dunƙule bisa girmansa da na tsantsar ma'adinin, wato giram 3.16 a kowane santimita kubik, girman ramuka kuma a auna shi da ImageJ daga hotunan SEM, aƙalla rami hamsin daga wurare daban-daban. A gwajin dannewa a fasa dunƙule biyar ko fiye a kowane rukuni, domin yumɓun da aka gasa ba ya fashewa a lamba ɗaya. Ƙashi mai soso na jikin mutum na jure wajen megafaskal 2 zuwa 12, da shi za ka kwatanta, ba da ƙashi mai tauri ba.

Mataki na 6: Gwajin ruwan jiki da na ƙwayoyin halitta

Tadashi Kokubo na Japan ya haɗa wani ruwa mai gishirin da ya yi kusa da na ruwan jinin mutum, wanda ake riƙewa a pH 7.40 da zafin digiri 36.5. Ana jiƙa sheƙa a ciki na kwana 7 da 14 da 28, a duba ko sabon ma'adini ya tsiro a fuskarta. A haɗa ruwan a robar da ba ta da ƙarzuwa, a zuba sinadaran ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da ya tsara, idan ya yi gajimare ko kaɗan a zubar a sake. Amma kada ka rubuta cewa wannan gwaji ya nuna kayanka ba su da illa ga jiki, domin babu rai a cikin ruwan.

Wannan hukunci na gwajin ƙwayoyin halitta ne, bisa ƙa'idar ISO 10993-5. Ana jiƙa kayan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta a ruwan renon sel, wato ƙwayoyin halitta, na awa 24 a digiri 37, a zuba ruwan kan sel ɗin gwaji irin su L929 ko MG-63, a auna waɗanda suka rayu da gwajin MTT, wanda ke nuna su ta sauyin launi. Idan suka gaza kashi 70 cikin ɗari na rukunin da ba a taɓa ba, ana ɗaukar kayan a matsayin masu guba. Nan ne yawancinmu ke tsayawa, domin renon sel na son akwatin ɗumi mai iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin ɗari da wutar da ba ta yankewa. Mafita ita ce haɗin gwiwa da sashen haɗa magunguna ko na likitan dabbobi ko wani ɗakin gwaji a waje, a kuma yi yarjejeniya a rubuce tun farko kan wanda sunansa zai shiga maƙala. Idan bai samu ba, ka buga abin da ke hannunka ka faɗi iyakarsa. Gwaji a kan dabba ba na wannan mataki ba ne, kuma ba a fara shi sai da takardar amincewar kwamitin ɗa'a. Dasa wa mutum kuwa, ko da wasa kada a kawo zancensa.

Mataki na 7: Rubutawa da bugawa

Ka fara da sashen hanyoyin aiki, kai tsaye daga littafinka, sannan jadawalai, sannan sakamako, gabatarwa a ƙarshe. Kowace lamba ta zo da matsakaici da gwargwadon bambanci da adadin samfura. Ka zaɓi mujallar da ke cikin Scopus ko DOAJ, wato kundin mujallun da aka tantance, wadda ka ga maƙalun da ka karanta sun fito a cikinta. Mujallar da ta aiko maka saƙon yabo tana alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya, ka guje ta, domin kwamitin ɗaukar ɗalibai a waje na ganin sunanta a takardarka zai rage maka daraja maimakon ya ƙara. Idan an dawo da aikin da gyare-gyare shafi uku, ka amsa su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, har waɗanda ba ka yarda da su ba.

Mataki na 8: Neman gurbi

Ka fara shiri shekara guda kafin lokacin da kake son tafiya, saboda takardar sakamakon jami'a da fasfo da jarrabawar IELTS ko TOEFL duk suna cin watanni. Ka koma jadawalin mataki na farko, sunayen ƙarshe a jerin marubutan maƙalun da suka fi burge ka su ne shugabannin ɗakunan gwajin da za ka rubuta wa. Saƙon kada ya wuce sakin layi uku: wane ne kai, wace maƙalarsa ka karanta da abin da ya ja hankalinka a cikinta, me ka yi da hannunka, sai tambayar ko yana da gurbi. Ka haɗa da takardar tarihin karatu mai shafi biyu da hoto guda mai kyau na sheƙarka. Saƙo ɗaya da aka tura wa farfesoshi hamsin ana gane shi daga layin farko. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, sannan ka wuce gaba.

Hanyoyin kuɗi sun bambanta. A Jamus da Holan da ƙasashen arewacin Turai, gurbin digiri na uku yawanci aiki ne mai albashi na shekara uku zuwa huɗu, ana tallata shi a shafin EURAXESS, kuma guraben Marie Curie na Tarayyar Turai na sharɗanta kada mutum ya zauna fiye da wata 12 a ƙasar da gurbin yake cikin shekara uku da suka gabata, sharaɗin da bai shafi mai tasowa daga gida ba. A Amurka ana neman shiga sashe ne, karatun kan kai shekara biyar ko shida, ana biyan ɗalibi ta hanyar koyarwa ko taya bincike. Akwai tallafin DAAD na Jamus, da na Commonwealth wanda ke bi ta Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya, da na TWAS, cibiyar kimiyya ta duniya don ƙasashe masu tasowa, malaman jami'o'in gwamnati kuma suna da TETFund don karatu a cikin gida. A cikin gida, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, wadda Farfesa Wole Soboyejo ya taɓa shugabanta, tana da sashen ilimin kayan ƙira.

Lokacin hira, kai ma ka yi tambaya: shekara nawa aka tanadi kuɗin gurbin, wa zai koya maka renon sel a watannin farko, kuma ina ɗaliban da suka gama a ɗakin suke yanzu. Ka nemi adireshin ɗaya daga cikinsu ka ji ta bakinsa. Bayan digirin, masu son zama a jami'a sukan yi shekara biyu zuwa huɗu suna bincike a ƙarƙashin wani kafin su nemi kujerar kansu, wanda ya dawo Najeriya kuma galibi yakan fara daga matakin Malami na Biyu. Idan niyyarka dawowa ce, tun kana can ka riƙa rubuta sunan kowace na'ura da kowane sinadari da ka dogara da shi, ka sa alama a kan waɗanda za a iya samu a gida, ka kuma nemi shugaban ɗakin ya amince a rubuce cewa zai ci gaba da karɓar samfuranka don gwajin sel bayan ka tafi.